Famasi ko likitanci? Amsoshin tambayoyinku kan karatun fannin lafiya

Tambaya: Tun ina ƙarama burina in zama likita, amma makin da na samu bai kai ba. An ce in cike famasi, wai ai duk asibiti ne. Zuciyata ba ta kwanta ba, gani nake zan ƙare a bayan kanta ina miƙa ƙwayoyi. In karɓa ko in jira baɗi? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Ƙanwata, wanda ya ce miki duk asibiti ne bai kyauta miki ba. Ayyukan biyu sun raba hanya tun daga tushe. Likita jikin majinyaci yake bi har ya gano cutar. Masanin magunguna kuwa, wato wanda ya karanta famasi, maganin yake bi: da me aka haɗa shi, ta yaya yake shiga jini, hanta ce ke sarrafa shi ko ƙoda ce ke fitar da shi, awa nawa yake yi a jiki, kuma da wane magani ba sa ga maciji.

Miƙa ƙwayoyin nan da kike rainawa, bari in nuna miki abin da ke bayansa. Takardar likita ta zo, dattijo ne da ya daɗe yana shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, sai ga shi an ƙara masa aspirin. Haɗuwar biyun na iya jawo zubar jini, don haka mai haɗa magani zai ajiye takardar ya kira likita su tattauna kafin ya miƙa komai. Ga uwa da yaro mai nauyin kilo 10. Ana auna wa yara paracetamol ne da nauyinsu, wajen miligiram 15 kan kowane kilo, ke nan 150 ne rabonsa a sha ɗaya, kuma sai an tambayi uwar ko tana ba shi wani maganin mura a gida, domin da yawansu akwai paracetamol a ciki, yawansa kuma hanta yake lalatawa. Ga mai tarin fuka da za a ba rifampicin: dole a gaya masa fitsarinsa zai koma ja-ja kada ya firgita ya daina sha, in mace ce mai shan ƙwayar tazarar haihuwa kuma a sanar da ita cewa maganin yana rage mata ƙarfi. Ɗigo ɗaya ya ɓace a rubutu, 0.5 ta zama 5, an ninka magani sau goma ke nan. Mutumin da ke bayan kantar shi ne ido na ƙarshe kafin abin ya shiga bakin mara lafiya.

Kuma aikin bayan kanta ba shi kaɗai ba ne. Akwai masu aiki a masana'anta, inda ake buga ƙwaya ana gwada ingancinta. Akwai masu aiki da hukumomin da ke sa ido kan magunguna, aikin da ba ƙarami ba ne in kin tuna cewa a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki jabu ne ko marasa inganci. Akwai kuma bincike. Tu Youyou ta ƙasar Sin famasi ta karanta, ba likita ba ce, amma ita ta jagoranci gano artemisinin daga wani nau'in tazargade a farkon shekarun 1970, maganin da a yau shi ne ginshiƙin jinyar zazzaɓin cizon sauro. Aka ba ta lambar yabo ta Nobel a 2015.

To amma kada daɗin labari ya ɗebe ki. Karatun famasi kemistiri ne safe da yamma, sai lissafin awo, sai haddar sunaye masu kama da juna. In a sakandare da ƙyar kike haɗiye kemistiri, shekaru biyar ko shida na jami'a za su yi miki tsawo. Aikin kansa yana son mai natsuwa, wanda ba ya gajiya da sake duba abin da ya riga ya duba, ga tsayuwa na awanni, ga masu zuwa a fusace don an hana su maganin da ba a rubuta musu ba.

Shawarata, ki tambayi kanki me ya ja ki ga likitanci tun farko. In taɓa majinyaci ne da zama kusa da gadonsa, to jinya ko ungozomanci ko gashin ƙashi sun fi famasi kusa da burinki. In kuwa son sanin yadda jiki ke aiki ne da yadda ake gyara shi, famasi zai ƙosar da ke. Kafin ki cike takarda, ki nemi izini ki wuni biyu ko uku a sashen magani na wani asibiti, ki ga aikin da idonki, gani ya kori ji. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne ki shiga da niyyar sauya kwas daga baya, domin guraben sauyin kaɗan ne, mai ƙafa ɗaya a waje kuma ba ya karatun kirki. Jiran baɗi yana da ma'ana in tazarar makin kaɗan ce kuma kina da tsarin da za ki cike ta. Sau ɗaya dai, kada ya zama al'ada.

Tambaya: Ɗana ya nemi famasi, sai aka ba shi famakoloji. Wani ya ce mini duk ɗaya ne, in biya kuɗin kawai. Haka ne? Daga wani uba.

Amsa: Baba, ba ɗaya ba ne, kuma gara da kuka tambaya kafin ku biya. Famakoloji kimiyya ce ta nazarin yadda magani ke aiki a jiki, hanyarta ɗakin bincike ce da koyarwa da kamfanonin magunguna. Digirinta ba ya ba mutum lasisin ba da magani ga jama'a. Haka bayokemistiri da nazarin ƙananan ƙwayoyin halitta: kwasa-kwasai ne masu daraja, amma yawanci sai an ɗora digiri na biyu kafin ƙofa ta buɗu sosai. Lasisin famasi hanyarsa a shimfiɗe take kusan ko'ina: digirin da hukumar sana'ar ta amince da shi, horon aiki a ƙarƙashin ƙwararre, sannan jarrabawar rajista. A Birtaniya shekara huɗu ce a jami'a da shekara guda ta horo. A Amurka kuma sai an yi aƙalla shekara biyu ta share fage kafin huɗu na digirin kansa. Ku zaunar da yaron ku ji ta bakinsa. In bincike yake so, abin da aka ba shi ba asara ba ne. In lasisi yake so, wannan kwas ba zai kai shi ba.

Tambaya: Na ga talla a intanet, kwas na wata shida, a gama a ba ka shaidar zama mai haɗa magani. In saya? Daga wani matashi.

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka. Babu inda wata shida ke mayar da mutum masanin magunguna. Akwai dai matakin mataimakin mai haɗa magani, wanda karatunsa ya fi gajarta kuma sana'a ce ta halak, amma shi ma a ƙasashe da dama sai ta makarantar da aka amince da ita. Ka nemi jerin makarantun da hukumar kula da sana'ar famasi ta ƙasarku ta fitar, ka duba ko sunan masu tallan yana ciki. In ba ya ciki, takardar ba za ta ba ka rajista ba, ko da an yi mata hatimin zinariya.