Tambaya da Amsa: Ya Kamata Liverpool Ta Sayar da Joe Gomez?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. A gidan kallon unguwarmu mun daɗe muna musu a kan Joe Gomez na Liverpool. Ni a ganina, tunda ba ya cikin 'yan wasa goma sha ɗaya na farko, ga kuma yawan jinya, gara a sayar da shi tun yana da sauran daraja a kasuwa. Mene ne ra'ayinku? Daga mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Hujjarka tana da ƙarfi ta fuskar kuɗi. Liverpool ta sayo Gomez daga Charlton a 2015 a kan fam miliyan 3.5, saboda haka kusan duk abin da za a biya a kansa yanzu riba ce tsantsa a littafin lissafin ƙungiyar. Maganar jinya ma gaskiya ce: ya yi rauni a gwiwa a 2015, ya karye a ƙafa a wasan Burnley a Disambar 2018, sannan gwiwa ta sake kwantar da shi a Nuwambar 2020.

Sai dai amfanin ɗan baya irin wannan ba a ranar da kowa yake lafiya ake ganinsa ba. A kakar 2023/24, Andy Robertson ya ji rauni a kafaɗa a watan Oktoba, wanda yake maye gurbinsa, Kostas Tsimikas, shi ma ya samu karaya a wasan Arsenal a watan Disamba, sai kocin ƙungiyar na lokacin, Jurgen Klopp, ya wayi gari ba shi da gogaggen mai tsaron gefen hagu ko ɗaya. Gomez, wanda ɗan tsakiyar baya ne kuma da ƙafar dama yake wasa, shi ya riƙe wurin na tsawon makonni, bayan ya riga ya tsare gefen dama a wasu wasannin. Duk wanda ya kalle shi a lokacin ya ga yadda yake karɓar ƙwallo a bakin layi, ya juyo da ita ciki zuwa ƙafarsa ta dama kafin ya bayar. Ba wasa ne mai ƙayatarwa ba, amma ƙofar ta toshe. Mutum ɗaya da yake cike gurbi uku yana rage wa koci ciwon kai wajen zaɓen 'yan benci.

Ka kuma tuna da kakar 2020/21. Ƙungiyar ta sayar da Dejan Lovren ga Zenit ba ta kawo madadinsa ba, sai Van Dijk, Gomez da Matip suka kwanta jinya ɗaya bayan ɗaya, aka janye Fabinho da Henderson daga tsakiya zuwa baya, har aka ci Liverpool sau shida a jere a Anfield. Kuɗin da aka karɓa a kan Lovren bai kai wannan asarar ba.

Akwai wani batu da 'yan kallo suka fiye mantawa da shi. Dokar Firimiya ta hana ƙungiya yi wa 'yan wasan da ba a ƙungiyoyin Ingila ko Wales aka yi renonsu ba fiye da 17 rajista cikin 25, kuma Gomez yana cikin waɗanda aka yi renonsu a Ingila, wanda samun irinsa yake da tsada.

Saboda haka ra'ayina shi ne kada a sake shi sai wanda zai gaje shi ya sa hannu a kwantiragi tukuna. Idan shi da kansa ya nemi tafiya don ya riƙa buga wasa kowane mako, wannan kam bai kamata a tare masa hanya ba, amma ko a nan ma a fara sayen ɗan baya kafin a buɗe masa ƙofa.