Malamata tana son ƙaro karatu: in biya mata ko in ƙyale?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da makarantar nazare a cikin Kano, yara saba'in da 'yan kai, malamai huɗu da masu raino biyu. Kuɗin zango naira 25,000 ne kan kowane yaro. Malamar da iyaye suka fi yabo takardar sakandare kawai gare ta. Yanzu tana son yin NCE, ta roƙe ni in taimaka mata da kuɗi. Tsorona kada in kashe kuɗina, tana samun takarda wata babbar makaranta ta ɗauke ta. Ga shi kuma ni ce komai a makarantar, daga karɓar kuɗi har sauraron ƙorafin iyaye, na gaji. Ina neman shawara.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Ki biya mata. Amma akwai yadda ake biya.

Mu fara da lissafi, tunda kuɗi ne damuwarki. Yaro ɗaya yana kawo miki naira 75,000 a shekara, zango uku. Iyayen 'yan nazare ba fentin gini suke bi ba, mutumin da suke miƙa wa ɗansu da safe suke bi. In malamar nan ta tafi, yara biyar kacal suka bi ta ko aka cire su saboda ba a gamsu da wadda ta gaje ta ba, kin yi asarar naira 375,000 a shekara ɗaya, ban da ƙannensu da ake shirin kawo miki. Ki ajiye wannan adadi gefe guda, ki aika a karɓo miki jadawalin kuɗin karatun, ki kwatanta. Kuma ki sani, wadda ta ƙudura ƙaro ilimi za ta nemi hanya ko da ke ko babu ke. In ta yi da guminta ita kaɗai, ranar da ta gama babu abin da zai riƙe ta a wurinki.

Takardar ma ba alfarma ba ce gare ta kaɗai. A tsarin ilimin Najeriya NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa, kuma da ita ake rajista da hukumar TRCN, wadda aka kafa a 1993 don tantance malamai. Dokar UBE ta 2004, wato dokar ilimin tushe na bai-ɗaya, ta sanya kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, don haka nazare ba ajiyar yara ba ce da kowa zai iya. Ranar da masu duba makarantu masu zaman kansu suka zo, takardun malamai na cikin abin da za su nema.

Ba sai ta bar aji ba. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, wato NTI da ke Kaduna, tun 1976 aikinta ke nan: horar da malaman da ke bakin aiki, ana karatu a ƙarshen mako da lokacin hutu a cibiyoyinta na jihohi. Kwalejojin ilimi kuma suna da sashen ilimin ƙananan yara da ake kira ECCE. In da hali wannan fannin za ta ɗauka, domin shi ne ke koyar da yadda ɗan shekara uku yake koyo ta hanyar wasa da waƙa da taɓa abubuwa, maimakon a zaunar da shi kan benci yana kwafar allo.

Yanzu batun tsoronki. Kada ki ba ta kuɗin a matsayin kyauta, kada kuma ki riƙa zaftare mata albashi kowane wata, don malamar da ba ta da kuɗin mota ba za ta natsu da yara ba. Ki mai da shi bashi marar ruwa wanda aiki ke biya. Ke za ki biya makarantar kai tsaye, zango-zango, ki riƙe rasit. In ta gama, kowace shekara da ta yi miki aiki ki yafe wani kaso, misali kashi ɗaya cikin uku, har ya ƙare a shekara uku. In ta tafi kafin nan, sai ta biya abin da ya rage, a hankali. Ku rubuta, ku sa hannu gaban shaidu biyu, mijinta ko mahaifinta ya san da maganar. Rubuta bashi umarni ne a Suratul Baƙara, don haka babu abin jin nauyi a ciki. Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki karɓe mata takardun shaidarta ki kulle a durowa a matsayin jingina. Wasu masu makarantu suna yi, kuma ƙiyayya kawai yake haifarwa.

Takarda kaɗai dai ba ta riƙe mutum, a nan ne matsalarki ta biyu take zama maganin ta farko. Kin ce kin gaji. Ki naɗa ta shugabar malamai tun yanzu, da ƙarin albashi ko da kaɗan ne, da iko na gaske. Ita za ta duba tsarin darasin kowace malama a farkon mako, ta shiga aji ta zauna ta ga yadda ake yi, ta fara sauraron iyaye kafin magana ta iso gare ki. Ki sanar da naɗin gaban sauran malamai, kuma in ta yanke hukunci kada ki warware shi a gabansu. Ki kira ta ofis ku gyara. In kika ba ta suna kika riƙe iko, malamai za su tsallake ta su zo wurinki, ita kuma ta ga ba ta da gobe a makarantar.

Sauran ukun za su sa ido, kada ki manta da su. Ki ware awa ɗaya ranar Asabar sau biyu a wata, ta koya musu abin da ta koyo, sannan ki faɗa musu cewa layi ne, wadda ta nuna himma ita ce ta gaba. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 25 a nazare, mai raino ɗaya ga jarirai 10, kin ga da malamai huɗu kina da sararin ƙarin yara in suna ya yi kyau.

Ina za ki samo kuɗin? Daga kuɗin zango, kafin ki taɓa riba. Ki buɗe asusun banki da sunan makaranta in ba ki da shi, ki yanka wa kanki albashi, ki daina cefanen gida daga akwatin makaranta. Duk zango ki cire naira 1,000 daga kuɗin kowane yaro ki ajiye don horar da malamai. Da yara saba'in, naira 70,000 ke nan a zango, 210,000 a shekara. Ki cire shi a makon farko da aka koma, lokacin da iyaye suka fi biya.