Hitar mota na ba da zafi a kan gudu, tana hura sanyi a tsaye: ina matsalar take?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2006, 'yar Kwatano. A Daura nake zaune, aiki kuma na kai ni Katsina, don haka da asuba nake kama hanya. Tun da hunturun nan ya kankama na lura cewa in ina gudu hita na ba da zafi sosai, amma da zarar na tsaya, ko a shingen jami'an tsaro ko a danja cikin gari, motar na silo, sai iskar ta koma sanyi ƙalau. Ina taka totur zafi ya dawo. Allurar zafin inji ba ta wuce tsakiya. Nakan dai ƙara ruwa a lagireto jefi-jefi. Bakanikena ya ce hita ba kayan ƙasarmu ba ce, in bari ya cire mata tiyo kowa ya huta. In yarda?

Daga wani mai karatu a Daura

Amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Kada ka yarda tukuna. Bisa bayaninka, da wuya a ce hitar ce ta lalace. Ruwan zafi ne ba ya isa gare ta in inji na silo, wato yana aiki ba a taka totur ba, kuma dalilin da ya hana shi isa ya shafi lafiyar injin kansa. In aka cire tiyon, an toshe bakin mai ba ka labari ne, cutar tana nan.

Hitar irin motarka ba ta da waya mai jan wuta a ciki. Wani ɗan ƙaramin lagireto ne aka ɓoye a bayan dashbod, tiyo biyu na shiga wurinsa daga ɗakin inji, ɗaya na kai ruwan da inji ya dafa, ɗaya na mai da shi. Fanka ta huro iska ta ratsa shi, ka ji ɗumi. Mai tura ruwan kuwa shi ne famfon ruwa na inji, wanda makanikai ke kira wota-fam, kuma bel ne ke juya shi daga inji. A silo injin Corolla na juyi wajen 700 a minti ɗaya, a kan hanyar Mashi kuwa yana iya kai 2,500 ko fiye. Ka ga ƙarfin turin ruwa ya bambanta ƙwarai. Kamar famfon gidan bene ne: in ruwa ya yi rauni na ƙasa na samu, na sama shiru. Mota lafiyayya, ko a silo turin na isa. In bai isa ba, akwai abin da ya ragu ko ya toshe.

Abin da na fi zargi shi ne wanda ka ambata a ƙarshe kamar ba komai ba, wato ƙarin ruwan nan da kake yi. Hanyar ruwan inji a rufe take, bai kamata mota ta riƙa neman ƙari ba. In tana nema, yoyo take yi ko tana amayar da shi ta marfi. Ruwa na raguwa iska ke maye gurbinsa, iskar kuma ta taru a wurare masu tudu, har da lagireton hita. In ka taka totur famfo ya yi ƙarfi ya turo ruwa ya ratsa, in ka saki iska ta sake zama. Wasu ma sukan ji ƙarar kwararar ruwa a bayan dashbod da safe in sun tada mota. In kana jin wannan, iska ce, babu ja. Kuma kada allurar da ke tsaye a tsakiya ta kwantar maka da hankali, domin a motoci da yawa ba ta motsawa sai zafi ya yi nisa, kuma in ruwa ya sauka ƙasa da na'urar da ke auna shi tana iya faɗin ƙarya.

Gobe da safe, kafin ka tada mota, buɗe marfin lagireto da kansa ka leƙa. Kada ka tsaya ga robar ajiyar ruwa da ke gefe, don in marfi ya mutu robar na iya zama cike alhali lagireto na da ƙishi. Ruwa ya kamata ya kai wuya. Kada ka kuskura ka buɗe marfin nan inji da zafi, ruwan na cikin matsi kuma ya kan wuce digiri 100, fuska da hannu yake fara samu.

In ka tarar ya sauka, cikawa kaɗai ba ta wadatar, sai an fitar da iskar. A ajiye mota kanta na kallon tudu, inji a sanyaye, a cika lagireto, a murɗa hita zuwa ƙarshen zafi, a tada inji marfi a buɗe. A bar shi yana silo, ana ɗan taka totur a hankali, ana matsa babban tiyo da hannu nesa da fanka da bel. Za ka ga kumfa na fitowa, ruwa na sauka, a riƙa ƙarawa. In tiyon sama ya yi zafi, fankar lagireto ta tashi ta mutu, kumfa ta daina, a rufe marfi, a cika roba tsakanin layukanta biyu, washegari a sake dubawa a sanyaye. Aikin kamar rabin awa ne, kuma sau da yawa a nan hita ke dawowa.

Sai neman inda ruwan ke bi. A duba bakin kowane tiyo, da gaɓar da saman lagireto na roba ya haɗu da ƙarfe, da ƙasan wota-fam inda ɗigo ke barin busasshen fari ko ja-ja, da robar marfi. A shafa kafet ɗin gaba ta gefen fasinja. In da danshi, ko wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, ko gilashi na yin hazo mai maiƙo daga ciki, lagireton hitar ne ke yoyo. A wannan hali kaɗai shawarar bakanikenka ke da ma'ana, a haɗe tiyo biyun na ɗan lokaci kafin a samu wani, domin canja shi sai an kwance dashbod.

In ruwa a cike yake kuma babu iska, ga gwajin da ba ya cin ko kwabo. Inji ya yi zafi yana silo, hita a buɗe, ka taɓa tiyo biyun da ke shiga bangon da ya raba inji da cikin mota, a hankali. In ɗaya zau ɗaya ɗumi-ɗumi, lagireton hita ya toshe. Wannan ba abin mamaki ba ne a wajenmu, inda ake ɗura wa mota ruwan rijiya ko na burtsatse ko fiya-wata shekara da shekaru. Ruwa zalla na kawo tsatsa da ɓawon gishiri, hanyoyin cikin wannan ɗan lagireto kuwa sirara ne ƙwarai, su ke fara cikewa, balle watanni tara ko goma babu mai tunawa da hita. Maganinsa a cire tiyo biyun a tura ruwa ta bakin fita, ya fito ta bakin shiga, har ya yi fari. Da ruwan famfo mai sauƙi za a yi, ba da injin wankin mota ba, don ƙarfinsa na iya fasa shi. In kuwa duka biyun ba su da zafi a silo sai an taka totur, a dubi bel ko ya saki, sannan wota-fam, don tsatsa na cinye fukafukansa ya riƙa juyi ba ya tura abin kirki. In duka biyun zau suke amma iska sanyi, matsalar ta koma ga ƙofar da ke karkata iska cikin dashbod, sai dai wannan ba ta cika damuwa da gudu ko tsayuwa ba, don haka ban sa ta gaba a motarka ba.

Akwai maganar tamostat, wato ɗan makullin da ke tare ruwa daga zuwa lagireto har sai inji ya yi zafi, tunda na san za a kawo maka ita a gareji. Al'adar makanikanmu ce mota na sauka daga Kwatano a cire shi a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu zafi. Ban goyi bayan wannan ba ko kaɗan. Tamostat ɗin wannan Corolla na fara buɗewa ne wajen digiri 82, aikinsa ya riƙe inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, rashinsa kuma na ƙara shan mai da cin inji. Amma alamarsa yawanci kishiyar taka ce: a kan gudu allura ta faɗi hita ta yi sanyi, a tsaye ta ɗan ɗumama. Tunda allurarka na kai tsakiya kuma kana samun zafi a hanya, da alama naka yana nan. Kada a sayar maka da shi a matsayin maganin wannan ciwo.

Wanda ba a so shi ne gasket ɗin kan silinda, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, mai hana ruwa, mai da hayaƙi haɗuwa. In ya fara ƙonewa, hayaƙin inji na kutsawa cikin ruwa, kana fitar da iska yau jibi ta dawo. Alamunsa: kumfa ba ta ƙarewa a bakin lagireto komai daɗewar silo, babban tiyo ya yi tauri jim kaɗan da tada mota, farin hayaƙi a salansa bayan inji ya yi zafi, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. In ka ga biyu daga ciki, kada ka hau hanyar Katsina da ita sai an gwada. Yanzu sanyi ne ke rufa wa motar asiri, in Afrilu ya zo zafi na haura digiri 40, ƙarancin ruwan da ya hana hita aiki shi zai kai inji ga obahitin, wato zafin da ya wuce kima.

Bayan an gyara, a zubar da tsohon ruwan duka a zuba kulant na gaske, wato ruwan sanyaya inji na musamman mai hana tsatsa. Motar na ɗaukar tsakanin lita 6 da 7. In wanda aka riga aka gauraya ne a zuba shi haka nan, in mai kauri ne a haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa irin na batir, ba asid ba. Kuma ko a bazara ka riƙa kunna hitar na 'yan mintoci lokaci-lokaci, don ka san halin da take ciki tun kafin Disamba.