Idan gobara ta tashi a ɗakin kwanan ɗalibai

'Yar'uwa, kin tambayi abin da za ki yi idan wuta ta kama a hostel ɗinku, tunda ke ce shugabar bene. Da farko, kada kowa ya watsa ruwa a wutar da ta tashi daga soket ko waya, lantarki zai bi ruwan ya ja mai watsawar. A kashe babban makunni tukuna. Tukunyar kashe gobara mai hoda ko mai iskar CO2 ce ta dace. Ki duba agogon mai hodar yau ɗin nan, allurar ta kasance a kan kore.

Ni dai ƙofofi suka fi damuna. Na zauna a hostel da ƙofar baya kullum da kwaɗo, makulli na aljihun maigadi, tagogi duk ƙarafa. Hayaƙi kan kashe mutum tun wutar ba ta iso ba. Ki matsa a ajiye makullin inda kowa ya sani, ku ware fili ɗaya da za ku taru a ƙirga kowa. In hayaƙi ya turnuƙe, a fita da rarrafe. Lambar gaggawa a Najeriya 112 ce.

Kuma da an ɗauke wuta, a zare hita da dutsen guga, musamman lokacin hunturu.