Ƙanina na Jos, ga amsar tambayarka kan simuleta da zuwa koyon tuƙin jirgi

Salam ƙanina, ya Jos, ya sanyi, ya su Hajiya. Na ga saƙonka. Kace kana so ka zo nan Afirka ta Kudu koyon tuƙin jirgin sama, kafin kuɗi su haɗu ka samu laftop ka saka Microsoft Flight Simulator, amma da ka ba jirgin wuta sai ya riƙa janyewa hagu har ya sauka daga titi, kana tambaya wace joyistik zaka saya, da kuma waɗanne kayan ƙari zaka sauke tunda ka ga a YouTube kowa da ƙaton Airbus ɗinsa. Wallahi naji daɗin tambayar nan, shi yasa zan zauna in amsa maka a tsanake.

Janyewar hagun nan ba matsalar kwamfutarka bace. Haka jirgin gaske yake yi. Farfelar Cessna, ƙaramin jirgin da ake koyo da shi, tana juyawa ne ta dama in kana kallonta daga kujerar direba, to ƙarfin juyawar yana karkata jirgin ta ɗaya ɓangaren, ga kuma iskar da farfelar ke hurawa tana nannaɗe jikin jirgin ta je ta bugi jelar ta gefen hagu, sai hancin ya nufi hagu. Maganinsa taka fedar dama, ita ke juya jelar. Duk wanda ya shiga Cessna da malami zai ji ana ta ce masa taka dama, taka dama har ya haddace. Da kibod ba zaka taɓa iya wannan da kyau ba, don maɓalli ko dai ka danna ko baka danna ba, babu tsaka-tsaki, shi kuwa jirgi ɗan kaɗan-kaɗan yake so.

Don haka ka nemi joyistik mai murɗawa, wadda in ka murɗa hannunta take aikin feda. Logitech Extreme 3D Pro ta isheka, tana da murɗi, tana da ɗan totur a ƙasa, ga maɓallai da yawa, kuma tsohuwar ƙira ce ana samun ta hannu. Thrustmaster T.16000M ta fi ta daidaito in aljihu ya yarda. Ka duba wajen masu kayan kwamfuta na Ahmadu Bello Way, in babu ka sa wani ya leƙa maka Banex a Wuse 2 in ya je Abuja, kuma a gwada a gabansa kafin ya biya, ta hannu wani lokaci tana rawa ita kaɗai a tsakiya. Ko fad ɗin Xbox da kuke buga ƙwallo da shi ya fi kibod sau nawa. Sitiyarin nan irin Honeycomb Alpha da fedoji na ƙafa suna da daɗi ba ƙarya, amma ni a ganina kuɗinsu ka ajiye, nan kowace awa ta tashi kuɗi ce mai zafi.

Yanzu saitin kansa, nan ne nake so ka natsu. In ka jona joyistik ɗin kar ka yarda da abin da wasan ya ɗora da kansa, ka buɗe sabon furofayil ka bi ɗaya bayan ɗaya. Jan sandar baya shi ne ɗaga hanci, tura ta gaba saukewa, hagu da dama karkata fukafukai, murɗi jela, sai totur. Bayan nan maɓalli biyu mafi kusa da babban yatsanka ka ba tirim, wato abin da ke riƙe hanci inda ka saita shi ba sai kana danne sanda ba, ɗaya sama ɗaya ƙasa, biyu ka ba filaf, wato ɓangaren bayan fukafukai da ake saukewa don jirgi ya iya tafiya a hankali, ɗaya birki, ɗan ƙaramin da ke kan sandar kuma ka bar shi na waige-waige. Shikenan, sauran ka taɓa su da maus a cikin jirgin don ka san inda kowanne yake. Ka kula kar abu ɗaya ya zama an ɗora shi sau biyu, misali fad na jone joyistik na jone duka suna jan jela, sai ka ga jirgi na fizge-fizge ka rasa dalili. Cire wanda baka amfani da shi.

Sai batun saurin amsawa. Sandar joyistik gajera ce, tafiyarta ƴar kaɗan, alhali sitiyarin jirgin gaske yana da doguwar tafiya kuma iska na danne shi, to in ka bar saitin yadda ya zo, ɗan taɓawa kaɗan hanci ya yi sama. Ka shiga wajen sensitibiti ka rage na hanci da na jela, ni nakan fara da wajen 30 ƙasa da sifili sannan in ƙara ko in rage, shi kuma dedzon, wato ɗan filin tsakiya da sanda bata amsawa, ka saka kamar 3 zuwa 5 cikin ɗari kawai, in ya yi yawa zaka riƙa turawa shiru sai kuma jirgi ya zabura. Sannan ka je wajen taimako ka kashe wanda ke taka maka feda da wanda ke daidaita maka mai. Da farko zaka ji haushi, amma su ne ainihin abin da kake son koya.

Tirim ɗin nan dan Allah ka riƙe shi da gaske. Ka saita hanci inda kake so, ka saita totur, ka jira gudu ya tsaya, sannan ka yi tirim har sai ka saki sanda jirgi ya ci gaba da tafiyarsa. Wanda ya iya wannan tun daga gida malami yana ganewa a tashin farko.

Jirgin da zaka hau kuma Cessna 152 ko 172, mai agogunan allura ba mai allon kwamfuta ba in akwai a naka. Ka sa DNJO, lambar filin Yakubu Gowon ce na Heipang, titinsa ɗaya ne, wani ƙarshen 10 wani 28. A 172 kana ɗaga hanci a gudun not 55, wato mil ɗin teku 55 a awa, ka hau da wajen 74, ka sauko da wajen 65. Ka tashi, ka zagaya, ka sauka, ka sake, har sai ya zame maka jiki. Kuma ka ga wani abin da Allah ya baka wanda ɗan Legas bashi da shi, filin Jos yana sama da ƙafa 4,200 daga teku, Lanseria da ke nan kusa da Johannesburg ƙafa 4,500 da ɗoriya ne, Wonderboom na Pretoria shima wajen 4,100, kenan kusan yanayi ɗaya ne. A irin wannan tudu iska bata da kauri, inji baya ba da cikakken ƙarfi, jirgi yana cin titi da yawa kafin ya tashi, musamman da rana tsaka in an yi zafi. Shi yasa littafin 172 ya ce in fili ya haura ƙafa 3,000 a ɗan ja jan maɓallin nan na mai kafin tashi har inji ya kai ƙarshen ƙarfinsa. Gwada da safe cikin sanyi, ka canza yanayi zuwa zafin Maris ka sake gwadawa, ka ga bambancin da idonka. Zagayen fili ana yinsa ƙafa 1,000 sama da ƙasa, to agogon tsayinka zai nuna wajen 5,200, kar ya rikita ka. Ka kuma mayar da ma'aunin matsin iska na agogon tsayi zuwa hektofaskal, mai 1013 ɗin nan, da shi ake aiki a Najeriya da nan, 29.92 na Amurka ne.

In hannu ya faɗa sai ka yi Jos zuwa Abuja, DNAA, mil ɗin teku wajen 100 ne, kamar awa ɗaya a Cessna, kana saukowa daga tudu zuwa fili mai ƙafa 1,100 da ɗan abu. Ka zana hanyar da kanka, kar ka bi layin GPS.

To kayan ƙari. Gaskiya ɗaya ce, wata ukun farko baka buƙatarsu. Airbus A32NX na FlyByWire kyauta ne kuma aiki ne mai kyau sosai, haka Boeing 737 na Zibo a X-Plane, wata simuletar daban, amma su aikin danna kwamfutar jirgi zasu koya maka, kai kuwa sai ka cika awa 200 ka samu lasisin kasuwanci a nan kafin ma a fara zancen irinsu. Abin da zan ce ka sauke shi ne Little Navmap, kyauta ne, taswira ce da ke nuna maka filaye da mitocin rediyo da hanya. SimBrief mai tsara hanyar tafiya ka bari sai ka kai ga manyan jirage, Navigraph mai taswirorin filaye kuwa biya ne duk wata, baka buƙata yanzu. In zaka saka wani abu daga flightsim.to, folda mai suna Community yake shiga, ka saka ɗaya ka kunna ka gwada kafin ka ƙara na biyu, in ka zuba ashirin lokaci guda wasan ya ƙi buɗewa ba zaka san mai laifin ba. Duk sanda aka yi afdet abu ya lalace, fara kwashe abin da ke cikin foldar ka gani. Kuma ka guji jiragen sata da ake rabawa a guruf, ƙwayar cuta ake cusawa a ciki, ga haƙƙin mutane.

Baka faɗa min wanne ka saka ba, na 2020 ko na 2024. Wannan yana da muhimmanci saboda data. Na 2024 kusan komai daga intanet yake janyowa kana cikin tashi, in netwok ya yi rauni ƙasa sai ta zama kamar kunu. Na 2020 ya fi cin wuri, suna cewa a tanadi giga 150, amma yana da wajen saka iyakar data, kana iya kashe hotunan Bing, ka kunna ma'ajin da ke riƙe wuraren da ka saba bi, tunda Jos ɗin zaka yi ta zagayawa. In laftop ɗin bata da katin girafik na daban to X-Plane 12 yana da na gwaji kyauta ka ga ko zata ɗauka, FlightGear kuma kyauta ne gaba ɗaya. Rage kyan hoto ka samu tafiya sumul, sauka da hoto mai tsinkewa wahala ce kawai.

Abu ɗaya da malamai ke kuka da shi kan ƴan simuleta, ido a kan agogo. Lasisin farko da ido ake tuƙi, kana kallon inda hanci yake da layin da sama ta haɗu da ƙasa, kana neman wasu jiragen, agogo leƙe kawai ake masa. Ka tilasta wa kanka kallon waje tun yanzu, halin da ka saba da shi a ɗaki da kuɗinka za'a cire maka shi a sama. In ka samu natsuwa ka yi rajistar VATSIM, kyauta ce, akwai ƴar jarabawa, mutane ne na gaske ke ba da umarni ta rediyo. Fara da saurare. Turancin rediyo sai ka kai mataki na 4 na ICAO, hukumar jiragen sama ta duniya, kuma yana kayar da mutane da yawa masu digiri.

Amma ka sani awowin ɗakinka ko ɗaya baya shiga littafin awa, sai na'urar da hukuma ta amince da ita a makaranta. Lasisin farko a nan aƙalla awa 45 ne a jirgin gaske, yawanci ana wucewa. Kuma kafin ka sayi ko joyistik ɗin, kafin Baba ya sayar da komai, ka je wajen likitan da NCAA, hukumar jiragen sama ta Najeriya, ta amince da shi ka yi gwajin lafiya na aji ɗaya, ido, bambance launi, ji, zuciya. Zaka sake wani a nan na SACAA, hukumar jiragen sama ta Afirka ta Kudu, amma gara ka san matsayinka tun kana gida, na ga wanda ya iso da kuɗinsa gwajin launi ya tsayar da shi, abin tausayi wallahi. Ka kuma tambayi NCAT, kwalejin horar da matuƙa ta Zariya da aka kafa a 1964, da ta Ilorin, ka kwatanta kuɗi, don lasisin waje sai ka mayar da shi na NCAA in ka dawo. In nan ɗin ka zaɓa, ka tabbatar makarantar na cikin waɗanda SACAA ta yi wa rajista, kuma kar ka tura kuɗin kwas duka a dunƙule, kashi-kashi ake biya.

Ka turo min sunan laftop ɗin da girman ram da katin girafik, da wanne ka saka cikin biyun, sai in faɗa maka saitin hoto. In ka samu joyistik ɗin ka ɗauko min bidiyon saukarka a titi na 28 in gani. A gaida Hajiya da su Baba.