Kayan futsal na ƙara wa yaro gwaninta?

Malam, ka tambaya ko ya dace ka saya wa ɗanka kayan futsal, wato ƙwallon ƙafa na ƙaramin fili, tunda a kan siminti yake wasa a nan Yamai. Fara da ƙwallo. Ta futsal lamba 4 ce, kuma ba ta tsalle sosai, kullum tana ƙasa. Dole yaro ya koyi tsayar da ita da tafin ƙafa, ya miƙa wa abokinsa da sauri, don fili ƙarami ne, mutum biyar-biyar, ba wurin ɓuya.

Takalmi ka nemi mai shimfiɗaɗɗen ƙasan roba. Mai ƙusoshi a kan siminti santsi yake, ga ciwon gwiwa. Ragar mita 3 ce faɗinta, tana koyar da saiti, amma duwatsu biyu ma sun wadatar.