Ku Tambaya Mu Amsa: Gardamar Derek Jeter tsakanin Garwa da Bronx

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Yayana yana zaune a Bronx can Amurka, shi ya koya min kallon besbol, har na saba tashi sha biyun dare ina kallon Yankees a waya. To kwanaki muka yi gardama a WhatsApp, ni na ce Derek Jeter na Yankees ya fi kowa tsaro tunda ya ci Gold Glove, kyautar gwanin tsaro, har sau 5, shi kuma ya ce wai tsaron nasa ba wani abu ba ne, tun 2004 ya kamata a canja masa wuri. Dan Allah ka raba mu. Daga mai karatu a Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka yi haƙuri, amma yayanka ya fi ka gaskiya a nan, kuma ni kaina masoyin Jeter ne.

Jeter shotstof ne. Shotstof shi ne mai tsayawa tsakanin bes na biyu da na uku (bes su ne wuraren da mai gudu ke takawa yana zagaya fili), kuma nan ƙwallon da ke gangarawa a ƙasa ta fi bi saboda yawancin masu duka na hannun dama ne, suna jawo ta ɓangaren. Tsakanin bes da bes mita 27 ne da ɗan wani abu, mai gudu yana cinye shi cikin daƙiƙa huɗu da 'yan kai, to a cikin wannan ɗan lokacin ne za ka tare ƙwallo ka juya ka jefa ta bes na farko. Shi ya sa ƙafa ta fi hannu muhimmanci a wurin nan.

Matsalar ita ce yadda ake ƙirga kuskure. Sai ka taɓa ƙwallo ta kuɓuce maka ko ka yi mugun jifa ake rubuta maka kuskure, wadda ta wuce ka da taku biyu ba ka kai gare ta ba kuwa ba a rubuta maka komai, ana ba mai duka ladansa ne kawai. Ka je filin Roumdé Adjia na Garwa ka kalli ƙwallon ƙafar Coton Sport, gola da ya tsaya cak ƙwallo ta shiga kusurwa ba wanda zai ce ya yi kuskure, amma wanda ya yi tsalle ya taɓa ta da yatsu ta shiga shi 'yan kallo ke yi wa ihu, alhali shi ne ya kusa hana ta. Jeter hannunsa tsaf yake, abin da ya zo gabansa ba ya zubarwa, ga wannan tsallen da yake yi ya jefa yana sama, ga shigarsa cikin kujerun 'yan kallo a 2004 a wasa da Red Sox ya fito fuska da jini, wlh har yau in na gani jikina na tashi. Amma ƙwallon da ke bi ta hagunsa wajen bes na biyu tana wuce shi sosai, kuma lissafin DRS da ake yi tun 2003, mai auna makin da mai tsaro ya hana, ya sa shi can ƙasa. Gold Glove kuma a lokacinsa masu horarwa ne ke zaɓe da abin da idonsu ya gani.

Kwatanta da Ozzie Smith na Cardinals, Gold Glove 13 a jere daga 1980 zuwa 1992, hom ran (dukan da ke fitar da ƙwallo waje da fili) 28 kacal a duk rayuwarsa ta wasa, amma ya shiga Hall of Fame, zauren karrama gwarzayen besbol, a 2002. Tsaro ne ya kai shi.

Batun 2004 kuma, Alex Rodriguez ya zo Yankees daga Texas da Gold Glove na shotstof biyu a hannu, 2002 da 2003, amma shi aka mayar bes na uku aka bar Jeter saboda shi ne kyaftin. Da ni ne mai horarwa da na juya su. Sandar Jeter ba inda za ta je, mutum mai duka 3,465 ko ina ka ajiye shi zai daka.

TAMBAYA: Me zai hana kulob ya riƙe shotstof biyu, mai tsaro da mai duka? Daga Kuseri.

AMSA: Gurbi ne babu ɗan'uwa. Mutum 26 aka yarda, 13 masu jifa ne a yawancin kulob, 9 suna cikin layin duka, saura 4 a benci kuma ɗaya dole mai kama ƙwallo ne na ko-ta-kwana. A besbol kuma wanda aka cire ya fita kenan a wannan wasan. Shi ya sa ake neman mutum ɗaya da zai iya shotstof da bes na biyu da na uku, a sa shi a ƙarshen wasa in ana gaba da maki ɗaya ko biyu, ko ya hutar da babban a cikin wasanni 162 na kaka. Irin wannan gurbin ne Gift Ngoepe ɗan Afirka ta Kudu ya samu a Pirates a 2017, shi ne haifaffen Afirka na farko da ya buga MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, kuma tsaronsa ne ya kai shi can.